Kayan Ulun da Na Kai wa Jikana Doha

Shekarar da na je Doha ita ce shekarar da ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da kasuwa, damina biyu bayan rasuwar maigida, kafin ƙanwata ta aurar da autarta. Ni da haka nake riƙe lokaci. Ban yi boko ba, amma a unguwarmu ba a taɓa yi min gardama a kan yanayin gari ba. In na fito da safe na ɗaga kai, na shaƙi iska, na ce yau kada a shanya gero, to wadda ta shanya ita za ta kwashe abinta a jiƙe. 'Ya'ya bakwai na goya, babu wanda sanyi ya taɓa kama wa ƙirji a bayana.

'Yata ta fari ce ta aiko min da takardun tafiya. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san 'yar fari. Nas ce a wani asibiti can, mijinta kuma yana gyaran injunan asibiti. Ta haifi namiji, hutun da aka ba ta kaɗan ne, kuma babu mai riƙe yaro in ta koma aiki. Kafin in taso na shiga kasuwa na zaɓo kayan jariri na ulu, hula mai igiya, da suwaita, da wando, da safa, duka ruwan ɗorawa. A tsakiyar damina na tafi, ke nan kaka za ta same ni can, kuma ba a barin jariri ya shiga kaka ƙirji a buɗe.

Da muka fito ƙofar filin jirgi sai na ja da baya. Na ɗauka wani inji ne ke hura mana wuta a fuska. Surukina ya ce, “Mama, ku taho, garin ke nan.”

Gidansu a Al Muntazah yake, hawa na uku, a saman kantin wani Ba'indiye. Ina shiga sai sanyi ya mare ni. Na'urar sanyin nan da suke ce wa esi ba ta hutawa. A waje kamar bakin murhu, a ɗaki kamar cikin randa. Sujada a coci kuma ranar Juma'a ake zuwa, Lahadi kowa ya tafi aiki. Wata guda cur ban ga hadari ba, ko ɗan gajimare. Ko famfo ma a juye yake. Tankin ruwa yana saman bene yana dahuwa a rana, saboda haka bakin da aka ce na ruwan sanyi ne shi ke ƙona hannu, na ruwan zafi kuwa, da yake sun kashe abin ɗumama shi, shi ne mai dama-dama. Sai da na ƙone sau biyu kafin in riƙe wannan.

Wata rana na ce wa 'yata, “Ke, wai yanzu wane lokaci ake ciki a garin nan?”

Ta ce, “Zafi ne, Mama, amma ya kusa ƙarewa. Wata mai zuwa kakarsu za ta shigo.”

“To me suka shuka?”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba su shuka komai ba, lokacin ne kawai yake zuwa. Na ajiye maganar a raina.

Bayan ta koma aiki ƙanwata ta bugo waya daga gida. Ta ce ruwa ya ja baya, shamuwa ta tafi, an fara yankan gero, raɓa tana jiƙa ƙafa da safe. Na lissafa wata, daidai. Kashegari na ɗaga labule sai na ga gilashin taga a jiƙe sharkaf ta waje, motocin da ke ƙasa ma duk sun yi zufa. Na ce raɓa ce, ta iso nan ma. Ranar Juma'a bayan sujada suka kai ni wata babbar kasuwa mai rufi, sai ga gumakan nan na tallar tufafi an sa musu manyan riguna na ulu har gwiwa, da takalma masu dogon wuya. Ni kaina a ciki haƙorana na karo da juna. Da muka fito kuwa, ga Larabawa cikin fararen jallabiyoyi marasa nauyi, ƙasa tana tururi. Ban gane ba. Amma na ce masu kanti ba mahaukata ba ne, ba za su baje abin da ba lokacinsa ba. Ina komawa gida na buɗe akwati na fito da kayan ulu.

Ranar rigakafi ta zo uwar tana wurin aiki, uban ma haka. Akwai wani Bakatsine direba da yake kai mu unguwa in ya samu sarari. Musulmi ne, mai yawan barkwanci, Inna yake kirana. Na yi wa yaro wanka, na shafe shi da man kaɗanya, na sa masa singileti, da suwaita, da wando, da safa, na ɗaure hula a haɓa. Na goya shi, na ƙara tawul a kai. Na ce, “Maigida, yau ka fito ango.” Muka sauka muka tsaya a ƙofar kanti. Mota ta yi jinkiri. Yaro ya fara kuka, na yi ta jijjiga shi, na ɗauka yunwa ce.

Da direba ya iso ya leƙo ya ce, “Inna, wannan angon naki Jos za ki kai shi?”

Na ce, “Kai, ja mota. Ka taɓa goyo?”

“A'a, Allah ya ba ki haƙuri. Yalla, mu tafi.”

A wurinmu in ka fita da jariri rufe shi ake yi, don iska a waje take. In an shiga ɗaki sai a sassauta masa ya sha iska. Haka uwata ta yi, haka na yi sau bakwai. Muna shiga asibitin yara na kwance goyo, na cire hula, na cire suwaita da safa, na bar shi da singileti, jikinsa jiƙe da zufa. Muka zauna jira, bakin esi yana saman kanmu. Na ga sauran mata suna lulluɓe nasu da barguna a cikin ɗaki, na ce a raina matan nan ba su san raino ba. Da aka gama allura muka tashi fita, na mayar masa da kayansa duka, na ɗaure hula.

Kashegari wuyansa da bayansa duk ƙurajen zafi, jajawur. Hancinsa kuma ya toshe, yana shan nono yana saki yana kuka. Zafi da sanyi sun kama yaro rana ɗaya, a hannuna. Ni ban taɓa jin haka ba.

'Yata ta duba shi, ta ɗaga suwaitar da ke kan kujera, ta ce, “Mama, wannan kika sa masa?”

“Ke kika ce kaka ta shigo.”

“Na ce za ta shigo. A kalanda.”

“Raɓa fa? Da idona na gani a taga.”

“Mama, ba raɓa ba ce. Gumin teku ne, lokacin ma zafi ya fi tsanani.”

“To masu kanti?”

Ta ce su masu kanti da kayan ƙasashen Turawa suke tafiya, in can an fara sanyi sai su ma su baje. Na ce to gari nawa ne a cikin garin nan? Ta ci gaba da ɗiga wa yaro magani a hanci.

Da yamma surukina ya zo ya durƙusa, mutum ne mai ladabi. Ya ce akwai wata 'yar Filifin a hawa na ɗaya da take riƙe yaran ma'aikata. Ya ce in mako ya zagayo aka canja wa matarsa lokacin aiki, sai a riƙa kai mata yaron. “Ba don komai ba, Mama, don ku huta.”

Na ce, “To.” Me zan ce wa suruki? Amma abinci bai shiga ba ranar. A ce na haye teku don raino, a karɓe yaro daga bayana a kai wa wadda ko sunan man kaɗanya ba ta sani ba, ni kuma in zauna ina kallon bango. In na koma gida in ce wa mata me?

Mako guda gare ni. Ranar Juma'a a mota na tambayi direba a hankali, yadda 'yata da mijinta da ke baya ba za su ji ba. Na ce shi da ya daɗe, da me ake gane sanyi ya zo? Ya ce, “Inna, ki bar kallon sama, ba ta faɗin komai a nan. Ki kalli masu garin. Ranar da kika ga fararen jallabiyoyin nan sun fara komawa ruwan toka da ruwan ƙasa, khalas, shi ke nan, sanyi ya sauka.” Na koma na tare a taga da yaro a kafaɗa. Fari, fari, fari. Rana ta uku na hango wani cikin baƙi, har gabana ya faɗi, ashe mai gyaran taya ne da kayan aikinsa.

A wurin wanka na samu abin da na samu. Tun zuwana, in na buɗe famfon nan mai ƙuna, ba na kai ƙirga uku sai in janye hannu. Wannan safiyar na ƙirga har goma hannuna yana ciki. Kashegari har na gaji da ƙirga. Ke nan ranar da ke dafa tankin ta fara rage ƙarfi. Na kira 'yata na ce ta taɓa. Ta taɓa ta ce, “Lallai kuwa. Ni ban ma lura ba.” Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai da na tsaya na yi tunani, ban san abin da zan yi da wannan sanin ba. Ruwa ya huce, waje da zafi har yanzu, ɗaki da sanyi. To me zan sa wa yaro?

Abin da na yi a nan ban taɓa yin sa ba. Uwa ba ta tambayar 'yar fari yadda ake raino, ko ido ba a cika haɗawa ba. Na juya baya ina matse tsumma, na ce, “Ke, garinku ya fi ƙarfina. Ki faɗa min sau ɗaya, yadda kike faɗa wa marasa lafiya shan magani.”

Ta ce, “In za ku fita, ki buɗe shi. In za ku shiga, ki rufe shi.”

“A juye.”

“A juye, Mama.”

Kwana biyu ina gwadawa. In sauka da yaro cikin 'yar riga mai shara-shara, suwaita a jaka. In tsaya a inuwar kanti kaɗan, in shiga kantin in sa masa, in fito in cire, in hau sama in sa. Hannuna ba ya yarda, ina isa ƙofar fita sai in ga har na ɗauko hula. Ba'indiyen nan yana kallona yana kaɗa kai irin nasu, ban san ko i yake nufi ko a'a ba.

Ranar da aka sa ta zo. Na tashi na yi wa yaro wanka, na zauna ina jira a zo a ɗauke shi. Surukina ya fito ya gaishe ni, ya kalli matarsa, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ita kuma ta ajiye kwalaben nono a firji ta ce, “Sai na dawo.” Ba wanda ya ambaci hawa na ɗaya. Da la'asar ta shigo, ko takalmi ba ta cire ba, ta zura hannu a wuyan yaro, ta shafa bayansa, ta saurari hancinsa. Ina tsaye. Ta miƙo min shi ta ce, “Mama, akwai sauran miyar kuka?” Na ce akwai. Maganar 'yar Filifin ba ta sake tasowa ba.

Kada ku ɗauka daga nan na gane garin. Ina cikin sabawa sai wata rana suka kashe esi suka buɗe tagogi, iskar yamma ta fara cizo, aka ce yanzu kuma in za a fita a rufe shi, amma ba da rana ba. Surukina ya kunna abin ɗumama ruwa, famfo ya sake juyawa, na sake ƙonewa. Masu gari wasu sun sa ruwan toka, wasu suna nan da farinsu. Kullum da safe sai in tsaya da riga biyu a hannu, in taɓa famfo, in leƙa taga, in taɓa wuyan yaro, sannan in zaɓi ɗaya in sa ɗayar a jaka. Da haka muka kai har takarduna suka ƙare. Bai sake mura a hannuna ba.

Cikin mutanen wancan lokaci, ƙanwata ta riga mu gidan gaskiya. Direban ya koma Katsina, an ce yana nan, ya buɗe shagon kayan mota, har ya taɓa aiko min da gaisuwa. Ba'indiyen da 'yar Filifin ban san inda suke ba. 'Yata da mijinta suna can har yanzu, sun tashi daga Al Muntazah sun koma Al Rayyan. Yaron ya girma, in an ba shi waya sai ya ce min ina kwana ko da yamma ne. Sai ni, ina nan.