Gyaɗar Iya da Ɗan Kuregen da Ba Ya Zama

A unguwar Kado na girma, tun kafin manyan gidaje su kewaye kasuwar kifi. Kakata, wadda muke kira Iya, bandar kifi take yi a bayan ɗakinta, a kan rabin duro da aka ɗora wa ragar ƙarfe. Ba don mu ake hura wutar ba, amma da an idar da magariba sai mu jikoki mu zagaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, Iya na juya tarwaɗa tana ba mu tatsuniya. Har makaranta warin hayaƙin nan yake bin mu a riga.

Cikinmu ni ne ba na zama. Kafin a kai tsakiyar labari na tsokani wancan, na bi kyanwa, na dawo ina tambayar ina aka tsaya. Malamai sun doke ni har sun gaji. Iya kuwa ba ta taɓa ce mini in zauna ba. Abin da takan fara tambaya shi ne me na ci. In na ce alewa da ƙanƙarar leda mai launi, sai ta harare ni, ta ɓaro mini kifi ta ɗora a kan sauran wake. In na cinye, ta turo mini kwanon gyaɗa.

"Maigida, ɓare mini wannan. Mijin da ba ya cefane ai dole ya yi aiki."

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa, ta wani ɗan kurege da ya gano kogon zuma. Kullum da safe sai ya lashi zuma ya kama gudu. Uwarsa tana so ta kwatanta masa hanyar ramin da ta ɓoye abincin rani, amma kafin ta kai kwanar hanya ta biyu ya haye bishiya. Tsoro ya kama ta, don in ta mutu yunwa ce za ta kashe shi. Sai ta kwaɓa laka ta toshe kogon. Ɗan kurege ya wuni da yunwa, gudunsa ya ƙaru, ga kuka a kai. Ta kai ƙara wurin tsohuwar kunkuru. A nan Iya takan maƙale murya, ta ja maganar a hankali.

"Kin toshe masa zuma. To me kika buɗe masa?"

Kunkuru ta ce a ba shi gyaɗa da ɓawonta. Yana fasawa yana ci, uwar tana kwatance, har ya ji hanya daga farko zuwa ƙarshe. Ni dai abin da na riƙe a lokacin shi ne zuma mugun abu ce.

Yanzu ina aiki a wata ma'aikata, kuma Allah ya ba ni 'ya, Nusaiba, wadda ta ɗauko ni sak. Bara malamar ajinsu, wadda ba ta iya Hausa sosai ba, ta kira ni.

"Oga, yarinyan nan yana da ƙwaƙwalwa, amma ba ya zama. In bai canja ba wannan term, sai dai ku nema mata wani school."

Hankalina ya tashi ƙwarai. Muka kai ta asibiti, likita ya ce larura ce da ake kira ADHD, wadda ke hana yaro natsuwa da mayar da hankali. Ni kuma, da karambanin ɗan boko, na shiga waya na karanta abin da ya sawwaƙa, na dawo gida na kafa doka. Ba sukari, ba biskit, ba lemon kwalba, har burodi da madara na haɗa. Yarinya ta riƙa tafiya makaranta da ruwan shayi a ciki, don ta ƙi duk abin da na yarda da shi. Ta rame, ta ƙara rigima. Uwarta ta zuba mini ido kawai, irin kallon da ya fi faɗa ciwo.

Da muka koma, likitan ya saurare ni har na gama. Ya ce abinci ba shi ya kawo larurar ba, kuma ba shi kaɗai zai magance ta ba. Akwai dabarun koyarwa, akwai barci, akwai magani in ta kama. Ya ce wasu yaran kayan sha masu launi kan ƙara musu rawar kai, wasu kuma ko a jikinsu. Amma yaron da ya shiga aji da yunwa, ko wane ne, ba zai ji karatu ba. Sai ya tambaye ni me nake ba ta a madadin abin da na hana.

Muryar kunkurun Iya na ji. Tsawon shekarun nan rabin tatsuniyar na riƙe. Iya ba ta san sunan larurar ba, ba ta kuma yi da'awar warkar da ni ba. Ta dai cika mini ciki da abin da zai riƙe ni, ta ba hannuna aiki, ta bar kunnena ya yi nasa. Raina ya sosu da na tuna ban taɓa gode mata ba.

Muka koma ƙosai da ƙwai da safe, wani lokaci wake da kifin Kado. Zaƙi kuma ranar Juma'a, ba a ɓoye ba. Malamar ta yarda ta mayar da Nusaiba mai raba littattafai, tunda dai tashin za ta yi. Ƙarshen zango ta ce har yanzu tana yawo, amma tana gama aikinta, za su riƙe ta.

Da yammacin ranar na zuba mata gyaɗa a kwano, na ba ta tatsuniyar. Ta tashi ta leƙa taga, ta dawo, ta sake tashi. Na ɗauka ba ta ji komai ba. Da na kai ƙarshe sai ta tsaya da ɓawo a hannu.

"Baba, to ɗan kuregen ya daina gudu?"

Na ce mata a'a, bai daina ba har ya tsufa. Ya dai san hanyar ramin.