Likitan Da Ke Ɗumama Hannu

Ƙofar ɗakin likita ba ta rufuwa sosai, don haka ina hango shi daga bencin jira. Dattijo ne mai furfura, abin sauraren ƙirji na rataye a wuyansa kamar ado. Wata tsohuwa na zaune gabansa, ta dafe ƙasan haƙarƙarinta.

"Likita, nan ne. Taɓa ka ji, ya yi tauri kamar dutse."

Yana murza tafin hannuwansa. Na san wannan murzar, ta likitocin da ce, masu ɗumama hannu kada sanyinsa ya razana mara lafiya. Ina jin tun yana ɗalibi aka koya masa, har ta zame masa jiki.

Amma kwamfuta na jiransa, sai ka ce ita ce ba lafiya, a waje kuma mun kai mu arba'in. Ya dubi tsohuwar, ya dubi agogo, ya sauke hannuwan nan masu ɗumi a kan kwamfutar.

"Mama, za ki je hoto, ki dawo bayan wata biyu."

Tana gyara mayafinta.

Ni ne na gaba. Ina mayar da maɓallan rigar da na ɓalle tun ɗazu.