Dokar Warƙa Ɗaya

Shekara ashirin da uku rumfata tana jingine da ta Malam Jelani a hanyar Hubbare. Ni Junaidu turare da carbi nake sayar wa masu zuwa ziyara, shi kuwa ɗinkin littattafai ne sana'arsa. Duk littafin da bangonsa ya yage, ko gara ta ɗanɗana shi, wurinsa ake kawowa, ya zauna da basilla da jar fata ya mayar da shi mutum. Ɗan gidan malamai ne, kuma mai taurin kai ne na gaske. Na sha faɗa masa a gaban idonsa, saboda haka wannan ba gulma ba ce.

'Yarsa ɗaya tak, Ihsan. Tana shekara takwas mahaifiyarta Dijatu ta rasu, sai ƙanwar marigayiyar, Mariyatu, ta ɗauke ta zuwa unguwar Arkilla, can ɗaya gefen gari, ta riƙe. Tun daga nan rabon Malam da 'yarsa ya koma ranar Asabar. Za ta sauko daga keke mai ƙafa uku, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a kan benci. Da ta girma aka saya mata waya, sai zaman ya zama na kurame: ita kanta a sunkuye, shi yana ɗinki yana satar kallonta. Kafin azahar ta ce za ta koma. Kewarta yake yi alhali tana gabansa, kuma bai san ta inda zai kama zancen ba.

Bara ta gama sakandare, aka ce nan da 'yan watanni za ta tafi jami'a a wani gari. A nan hankalin Malam ya tashi. Ya yanke shawarar cewa littafi ne zai zaunar da ita, tunda shi bai san wata igiya ba sai wannan.

To, amma wane littafi? Malam ya zaɓa irin zaɓen gidansu, wato wanda ya fi nauyi shi ya fi amfani. Ya ba ta tarihin sarakuna mai kaurin tubali. Ya ba ta na nasiha ga matasa. Har wani na Turanci ya samo, mai koyar da yadda ake zama babban mutum. Kowanne takan kai gida, ta dawo da shi bayan mako ta ce, “Na karanta, Baba.” In ta tafi sai ya shafa bayan littafin da babban yatsa, ya girgiza kai.

“Ba ta buɗe shi ba, Junaidu,” in ji shi. “Littahin da anka karanta, ga bayanai aka gane shi.”

Na ce masa, “Malam, ni kaina in ka ba ni wanga tubali, matashin kai za ni yi da shi.” Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Matata Delu ce ta warware mana, da na kai mata labari. Ta ce a faɗa wa Malam ya daina wahalar da yarinya, ya buɗe adakar uwarta. Ashe duk matan unguwa sun san Dijatu da karatun littattafan labari na Hausa, har aro suke zuwa yi wurinta. Da na isar da saƙon, Malam ya ajiye basillarsa. Daga baya ya ce mini Dijatu takan zauna bayan la'asar tana karatu tana dariya ita kaɗai, ta ce, “Malam, tsaya in karanta maka wurin ga.” Shi kuwa sai ya ce ba shi da lokacin tatsuniya. Ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ba. Ya ce wannan abu yana cin sa fiye da yadda zai iya faɗa.

Washegari ya kawo adakar zuwa rumfa. Bai duba sunan ko ɗaya ba. Hannu ya zura yana lalube, yana ajiye masu ƙyalli gefe, har ya zaro wani da ya sha jiki: bango ya tafi, gefuna sun yi laushi kamar tsumma, ga tabon manja a ciki. Ya ce wannan ne aka fi so. Sannan ya yi abin da ya ba ni mamaki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana haɗa littattafai ya sa wuƙa ya farke ɗinkin, ya raba shi falle-falle, ya zuba a gafakar fata irin wadda malaman dauri ke ajiye littattafansu a ciki. Falle ɗaya shi suke kira warƙa.

Ranar Asabar ya miƙa wa Ihsan ta farko, ya ce ta duba masa ko rubutun ya goge. Ta karɓa da hannu ɗaya, waya a ɗayan. Labarin wata budurwa ne da ta hau jirgin ƙasa ba da sanin kowa ba, tana neman yayanta da ya ɓace. Ina kallo ta juya bayan takardar. Ina kallo ta kifa wayar a kan benci.

“Baba, ina sauran? Tsakiyar magana yat tsaya.”

“Warƙa guda aka ba ɗalibi ga zama guda,” in ji Malam. “Haka babana yak koya man. Na uwarki na, ba a hita da shi.”

Ta yi magiya, ya ƙi. Na ce taurin kan nan yau ya yi rana. Ran Litinin sai ga ta, wai hanya ce ta biyo da ita. Daga Arkilla zuwa Hubbare! Kafin wata ya ƙare kullum tana nan da hantsi. In ta gama warƙarta ba ta tashi, sai ta zauna tana yi masa ƙorafin mutanen cikin labarin, tana tambayarsa ko uwarta ma ta ji haushin wane. Malam yana ta “uhm, uhm,” domin bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai abin da ni na sani, ita ba ta sani ba. Shekara biyu ke nan idon Malam yana dushewa. Ɗinki da hannu yake yi, wannan ba ya buƙatar ido, amma rubutu ya daina ganinsa. Ya rantsar da ni kada in faɗa.

Wata rana da yamma iskar hadari ta taso, gafakar tana buɗe, takardu suka watse a rumfa. Na taso in taya shi jerawa, ya ce shi da sana'arsa ba a koya masa. Ya tattara, ya daidaita gefuna, ya rufe. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Da safe ya zaro ta sama ya ba ta. Ta duba, ta ɗaure fuska.

“Baba, wagga ba ita ta ba. Jiya shafi na arba'in da biyu munka tsaya, wagga ɗari da tara ta.”

Ya karɓa, ya kai ta kusa da fuska kamar mai dubawa, ya ce lallai an yi kuskure. A juye ya riƙe ta, ƙasa a sama. Ihsan ta dube shi, ta dubi takardar, ta waiwayo ta dube ni. Ni kuwa na shiga gyara kwalaben turaren da ba su buƙatar gyara.

“Tun yaushe, Baba?”

Ya mayar da takardar cikin gafakar. Ta share ido da gefen hijabi, ta jawo gafakar, ta zauna a ƙasa ta jera takardun ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta ce, “Kai ka taɓa karanta shi?” Ya ce a'a. Sai ta koma warƙar farko, ta gyara zama, ta fara karantawa a bayyane. Basilla ta tsaya a hannun Malam. Bai motsa ba har ta kai ƙarshen bayan takardar ta yi shiru.

“Ci gaba mana, ɗiyata.”

“Warƙa guda aka ba ɗalibi,” ta ce. Ta ɗora masa gafakar a cinya, ta ce sai gobe da hantsi.

Bayan kekenta ya wuce na leƙa rumfar. Yana zaune yana bin gefen takardun da yatsa. Ya ce, “Junaidu, ka ji? Muryar Dijatu ta sak.” Na ce na ji. Ya tambaye ni saura kwana nawa ta tafi makaranta, na ce sun ce bayan babbar salla, wajen wata uku. Ya matsa gafakar tsakanin tafukansa yana auna kaurinta, ya daɗe.

“Warƙa sittin ta kawai,” ya ce. “Da na sani, da mai kauri niz zaɓa.”