Hoton Kaka a Cikin Matacciyar Kyamara

Ranar Asabar ce, washegarin addu'ar bakwai ta Kaka, shekarar da nake aji biyar na firamare. Muna zaune a ƙofar ɗakinmu da ke bayan katafaren gidan da Baba yake tuƙi a Maitama, ni da Inna da ƙaninta Kawu Sale, jar ƙasar Jiwa ba ta ma gama fita daga takalmanmu ba. Baba ya ɗauko jakar kyamararsa ya ce bari ya nuna mana hoton tsohuwa. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi har farcensa ya yi fari. Ya zare batir ya goga a wandonsa ya mayar, ya ɗauko ɗaya batirin ya gwada, gilashin bayan kyamarar yana nan baƙi ƙirin. Na juya na kalli Kawu Sale, mutumin da a kowace rana ta Allah da tuni ya kwashe da dariya yana cewa ai dama ya faɗa. Ya buɗe baki, ya rufe. Shirun nan nasa shi ya fi komai tsorata ni, domin hoton da ke cikin kyamarar shi kaɗai ne hoton Kaka a duniya.

Baba direba ne, amma in ka tambaye shi ko shi waye, hoto zai fara ambata kafin mota. Ba ya ɗauka don kuɗi, ko a gidan biki ba ya karɓar ko sisi, abin da kullum yake ba Inna haushi. Duk Asabar da ogansa ba ya gari, yakan riƙe hannuna mu tafi wani lambu inda masu irin wannan ciwo suke taruwa a gindin mangwaro. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai mai kemis, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya. Sun kasu gida biyu, kuma da igiyar da ke wuyansu ake gane su: masu kyamarar kamfanin da igiyarsa take da jan rubutu, su ne 'yan ja, masu ta ɗaya kamfanin, 'yan rawaya. Baba ɗan rawaya ne na gani kashe ni, Kawu Sale kuwa limamin 'yan ja. Sai su yini suna musu a kan wace ce take fitar da baƙar fata da kyau, wace ce ba ta jin tsoron duhu, wace ce batirinta yake da rai. Ni ina gefe ina 'yar carafke da duwatsu, ina tsintar mangwaron da jemagu suka yar, na riga na haddace bakin kowa. A ganina na yarinya, manya ne kawai suka sami langar da ba a ɗage ƙafa. Abin da ya sa nake jurewa shi ne ni kaɗai Baba ya yarda in goge idon kyamarar da ɗan tsumma mai laushi, kuma ina ji da wannan muƙami.

Kawu Sale a hannun wani ɗan kasuwa da ke zuwa Dubai ya sayi tasa, ba kwali ba takarda. Baba kuwa adashe ya zuba har ya gaji, ranar da ya kwasa ya shiga babban shago a Wuse ya sayi sabuwa fil mai garanti na shekara guda. Da wannan garanti yake rufe bakin kowa. In musu ya yi zafi sai ya daki jaka ya ce, "Ni ba ƙarfe na saya ba, kwanciyar hankali na saya." Kawu Sale, da yake ƙanin mata ne kuma yana da lasisin tsokana, sai ya ce, "Yaya, wanda ya yarda da dokinsa ba ya tafiya da jaki a baya." A ƙasan kyamarar akwai wata 'yar sitika da aka liƙa a kan sukuru. Baba ya sha gargaɗina cewa ko da wasa kada farcena ya taɓa ta, domin ranar da ta yage, garanti ya mutu.

Kaka, mahaifiyar Baba, a wani ƙauye kusa da Jiwa take. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana, Ummi yake ce mini. Kowane hutu can ake kai ni. Da sassafe mukan bi raɓa zuwa gonar doya, tana gaba da ƙwarya a kafaɗa, domin ita ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba, ina baya ina tsallake kunyoyi ina korar fara. Ita ta koya mini ɓarar gyaɗa da hannu biyu, da gane rogon da ya isa tona, da hura wuta ba tare da hayaƙi ya shiga idona ba. Hausarta irin ta wanda ya koya a kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Abu ɗaya ta ƙi a rayuwarta, hoto. Da ta ga Baba ya taɓa jaka sai ta juya baya ta ce, "Wanda yana so ya gani ni, ya zo nan. In na ba ku takarda, ba za ku zo kuma ba." Baba ya yi lallashi, ya yi wayo, ya ɓuya a bayan rumbu, duk a banza. Tsohuwar nan kamar tana da ido a ƙeya.

A hutun ƙarshe da na yi a wurinta, ranar da Baba ya zo ɗaukata, na fashe da kuka na ce ba zan tafi ba. Ta gaji da rarrashi, sai ta zauna a kan turmi, ta jawo ni jikinta, ta gyara ɗankwali, ta ce wa Baba, "To, ɗauka ɗaya, saboda takwara na. Ɗaya fa." Baba ya yi maza ya zaro kyamara. Ya ɗauka, ta tashi ta shige ɗaki. Sai da muka hau hanya ya tuna ya bar memorinsa a wurin masu wanke hoto, kyamarar babu kati a cikinta. Ya tsaya a bakin titi ya duba, ya sauke ajiyar zuciya, domin tana da 'yar ma'ajiya a cikinta mai ɗaukar hotuna kaɗan, kuma hoton ya shiga can. Ya nuna mini sau ɗaya a mota. Ya ce gobe zai kwafe shi. Goben ta zama jibi, oga ya yi baƙi, aiki ya yi yawa, kyamarar tana rataye a ƙusa. Sai kawai aka aiko cewa Kaka ta kwanta da zazzaɓi, kafin mu isa an riga an yi mata wanka.

Ranar Litinin Baba ya ɗauki kyamara da kwalinta ya nufi shagon Wuse, na liƙe masa har ya bar ni na bi shi. Ba su yi masa gardama ba. Wani matashi mai ladabi ya jujjuya ta, ya duba sitika ya ga lafiyarta lau, ya ce injin cikinta ne ya ƙone, kuma irin wannan ba a gyarawa a nan. Za su karɓe ta su aika wa kamfani, su ba shi sabuwa a kwali. Baba ya tambayi hoton da ke ciki. Matashin ya ce, "Oga, gaskiya ba zan yi maka ƙarya ba, wadda ta tafi ba ta dawowa. In kuma wani ya buɗe ta a waje, babu ruwanmu da ita." Ya ƙara da cewa garantin saura kwanaki kaɗan ya ƙare, kada a yi sanya. Muka fito Baba yana rungume da kwalin a ƙirji, har ya wuce inda ya ajiye mota bai sani ba.

Makon nan ban taɓa ganin irinsa a gidanmu ba. Gaba kura, baya sayaki. In ya mayar, ya sami sabuwar kyamara ya rasa fuskar uwarsa. In ya bari aka buɗe, garanti ya tafi, kuma babu wanda ya yi alkawarin hoton zai fito, yana iya tashi babu tsuntsu babu tarko. Kowa a gidan ya san albashin direba ba zai sake sayen irinta ba. Baba ya daina cin abinci sosai. Yakan zauna da kyamarar a cinya yana shafa sitikar da ɗan yatsa. Inna ta daina kunna rediyo. Ni kuma a makaranta ana 'yar gala-gala ina jingine da bango, ina rufe ido ina gwada tuna fuskar Kaka. Abin da ya firgita ni shi ne ina ganin ɗankwalinta, ina ganin tsagar da ke kumatunta, amma in na zo haɗa su sai su watse. Ban faɗa wa kowa ba, tsoro nake ji kada a ce ban damu da ita ba.

A gindin mangwaro kuwa maganar ta zama abin musu sabo. 'Yan rawaya suka ce a mayar, ai kamfanin da zai ba ka sabuwa ba gardama ya cika kamfani, kuma mamaci addu'a yake bukata. Wasu 'yan ja suka sami abin nema, suna cewa da tasu ce ai ba za ta mutu ba tun farko. Dattijon gidan waya ya ce ya san mai gyara a kasuwa, mai kemis ya ce masu gyaran nan sun kashe masa rediyo biyu. Kowa yana magana da ƙarfi a kan abin da ba nasa ba. Na tsane su a ranar, har da waɗanda suke saya mini alewa. Kawu Sale kuwa yana gefe, yana ta wasa da murfin kyamararsa.

Ana gobe garanti zai ƙare, bayan la'asar, ina wanke kwanuka a bakin famfo, Baba ya zo ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ummi, na rasa yadda zan yi. Me kika ce?" Na san ba ni yake tambaya ba, mai sunan yake tambaya. Na san kuma abin da kyamarar nan take a wurinsa, na san irin tafiyar da yake yi in tana wuyansa. Na so in ce ya karɓi sabuwa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, na fara manta fuskarta." Ya daɗe yana kallon kumfar da ke hannuna. Sannan ya miƙe ya ce, "Uwa ta yi magana."

Shagon mai gyaran da dattijon gidan waya ya ambata ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin rediyo da wayoyi. Kawu Sale ya biyo mu da jar igiyarsa a wuya, na ga Baba ya harari igiyar. Mai gyaran ya ce shi fa ba ya alkawari, ya tambayi Baba har sau biyu ko ya tabbata. Da bakin sukudireba ya huda sitikar, Baba ya kawar da kai. Aka ɓare kyamarar, aka baje hanjinta a kan tsumma. Mutumin ya daɗe yana leƙe yana tsaki. Daga ƙarshe ya ce ɓangaren da ke karɓar kati da kebul ya ƙone ƙurmus, babu ta inda hoton zai fita. Abin da zai iya kawai shi ne ya ba ta wuta kai tsaye, wataƙila gilashin ya kawo na ɗan lokaci, wataƙila kuma abin da ya rage ya ƙarasa ƙonewa. Baba ya ce a yi. Aka jona wayoyi biyu sirara. Gilashin ya yi fari, ya ɗauke, ya sake kawowa. Baba ya danna maɓalli, sai ga Kaka a kan turmi, hannunta a kafaɗata, tana hararar ɗanta. Kafin kowa ya motsa na ji ƙarar kyamara a saman kaina, ƙyas, ƙyas. Kawu Sale ne ya sunkuyo yana ɗaukar gilashin. Sai wari ya tashi, ɗan hayaƙi ya fito, gilashin ya mutu, bai sake kawowa ba har abada.

Baba ya juya ya kalli surukinsa, idonsa jawur. Kawu Sale ya duba bayan kyamararsa, ya miƙa masa. Wannan ce rana ta farko da na ga Baba ya riƙe kyamarar 'yan ja da hannu biyu.

Bai sake mallakar kyamara ba. Ya ci gaba da zuwa lambun na ɗan lokaci da wuyansa fayau, daga baya ya daina. Ban taɓa jin ya ce ya yi da-na-sani ba, amma na sha ganinsa yana bin hasken yamma da ido, yatsansa yana motsi a kan gwiwa. Yanzu an sare mangwaron an gina shaguna a wurin, musun ja da rawaya ya koma cikin waya tsakanin mutanen da ba su taɓa shan ruwa a kofi ɗaya ba. Ni kaina ina ɗaukar 'ya'yana hoto safe da yamma, in waya ta cika in goge ba tare da na duba ba. Na Kaka yana bango a falon Baba. Dishi-dishi ne, da layuka a jikinsa, ga inuwar hular Kawu Sale a gefe, ga alamar batir a saman kanta. Baƙi sukan tambaya me ya sa ba a sa wanda ya fi wannan fita ba, Baba sai ya yi murmushi ya ba su ruwa.

Bai fita da kyau ba, amma ita ce.