Tokar da Kaka ta Barbaɗa a Ƙofar Ɗakina

Daga cikin dilar gwanjo littafin ya fito. Wani Ibo mai sayar da rigunan sanyi a kasuwar Zuru ya kwance dila da aka ce daga Kanada take, sai ga shi a aljihun wata ƙatuwar kwat, ba bango. Ya san ina koyar da Turanci a sakandare, ya miƙo mini ya ce, "Malam, ɗauka, ba mai saye." Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garin ba, mutane na hawa tudu neman sabis.

Labarin wani mutum ne a can ƙuryar arewacin Kanada. Da zarar dusar ƙanƙara ta sauka sai ya rikiɗe ya koma wata ƙatuwar farar dabba mai gashi, ya faɗa daji, sai zafi ya shigo ya dawo mutum. Shi kuma da bakinsa yake ba da labarin: na yi kaza, na ji kaza. Daga baya na lura marubutan can akwai su da son wannan harka. Namiji ya koma kifi, mace ta koma itace, sannan a ɓata shafi ɗari ana tambayar to yanzu shi wane ne. Mu nan in mutum ya rikiɗe ba a tambayarsa shi wane ne, sanda ake nema.

A makon nan Kaka, uwar babana, tana gidanmu. Daga Dabai aka kawo ta, yanar ido ta rufe mata duka biyun, kuma an sa Alhamis za a yi mata aiki. Likitan idon baƙo ne, in ya tafi sai baɗi. Ni aka ɗora wa kai ta a mashin. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Hausarta ta kasuwa ce, ni kuma C'lela, yarenmu, ina tsintar kaɗan a kunne amma baki ya ƙi tun da aka kai ni makarantar kwana. Da Hausa muke lallaɓawa.

Ranar Litinin da la'asar ta ji ina buɗa shafi a gindin mangwaro.

"Maigida, me takardar ke gaya maka?"

Ni da iyayi, na gyara zama na fara fassara. Dabbar ba ta da suna a wurinmu, sai na ce kura, don kada a yi dogon bayani. Kuma na bi littafin yadda yake.

"Na ji fatata tana ƙaiƙayi, haƙorana suna tsawo. Na tuɓe rigata na rataye a bayan ƙofa don kada innata ta gane. Kafin in kai bakin rafi na zama kura."

Kaka ta daina taunar goro. "Tun yaushe?"

Wallahi har daɗi na ji, na ce labari ya kama ta. Na duba shafin na ce, "Tun ina shekara goma sha biyu. Duk lokacin sanyi."

Ta laluba sandarta ta shige ɗaki.

Da safe na buɗe ƙofa na taka toka. An barbaɗa ta sumul daga bango zuwa bango. Inna, mahaifiyata, tana bakin murhu ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Kaka ce ta sa ta, wai a duba sawun da zai fito. Tsohuwar da ba ta ganin tafin hannunta ta sa an yi mata rahoto: yatsu nawa, akwai farce ko babu.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar ta tsaya da Kaka ta ce a ɗaure mata kayanta, Dabai za ta koma.

"Ba zan hau bayan kura ba. Balle a rufe mini ido a bar ni da ita."

Nan fa hankalina ya tashi. Na ɗauko littafin na danƙa mata a hannu, na ce ga mai maganar nan, wani Bature ne ya ƙaga. Ta shinshina shi ta ce warin gwanjo yake.

"Takarda ba ta da baki. Kai na ji ka ce ni."

"Haba Kaka! A Kanada ma ko kura babu!"

"To ka gani. Ashe ta nan ce."

Haushi ya sa na yini ban ci abinci ba. Ita kuwa ta lashe tuwonta tas.

Laraba da rana ta aika aka kira ni. Ta yi magana mai tsawo da yare, Inna tana mayar mini da Hausa. Wai a da, in ana zargin mutum, sai a sa ya jero kakanninsa da harshen gida, don abin da ya rikiɗe ba ya iyawa. Ko da gaske ana yi, ko a ranar ta ƙirƙiro, oho.

Na durƙusa, ni malamin da ke zane yara in sun yi yare a aji. Na faɗi sunan babana. Na faɗi na kakana, da ƙyar. Na uku na karya shi yadda ya koma ma'anar tukunyar miya. Inna ta faɗi ƙasa don dariya. Kaka ko murmushi.

"Kura ma da safe take dawowa gida," ta ce da Hausa, don in ji da kyau. "Kai tun da aka kai ka makarantar nan ba ka dawo ba. Shekara goma sha biyu ka ce, ko? Ba ka yi ƙarya ba."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na rasa inda zan sa idona, alhali ba ganina take ba.

Can ta miƙo hannu. "Tashe ni. Gobe ka tuƙa a hankali, tukunyar miya."

Ranar Alhamis ta hau mashin ta riƙe ƙuguna gam. Duk hanya tana kiran abubuwa da yare, rana, hanya, akuyar da ta ji kukanta, ina maimaitawa, in na karya ta ɗaka mini duka a baya. Kafin mu kai asibiti bayana ya yi laushi.

Da aka kwance mata bandeji ina tsaye a gabanta. Ta daɗe tana kallona, daga goshi har haɓa. Ta kama fuskata da hannu biyu ta faɗi wata gajeriyar magana da yare. Inna ta juya baya tana share ido.

Na ce, "Inna, me ta ce?"

Inna ta ce, "Da kai take. Tambaye ta."