Ranar da Mashin Ya Ƙi Tashi a Gonar Nesa

Maigidana ya haura hamsin kafin ya taɓa riƙe kan mashin. Keke ya sani, har Funtua yake takawa ranar kasuwa ya dawo kafin magariba. Mutanen daji ne suka raba shi da keken. Tun da suka fara fitowa gonakin yammacin Dandume suna ɗaukar manoma da rana tsaka, dattawan garinmu suka gane mai keke da mai ƙafa duk ɗaya ne. A damina guda su uku, har da maigidana, suka sayi mashin na hannu.

A filin firamare suke koyo bayan la'asar, lokacin da mu matan aure muke ajin yaƙi da jahilci. Ta taga nake hango su. Bakaniken garinmu ne malaminsu, kuma cikin masu koyon akwai taubashin maigida, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Baba, a hankali ake sakin kuloci," in ji bakanike, "kamar za ka kwantar da jariri."

"Wannan?" in ji taubashin. "Buhun taki kaɗai ya iya saukewa, shi ma jefarwa yake."

"Kai da ka rungumi darbejiya jiya har da magana?" maigida ya mayar masa.

Muna dariya ta taga, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kowa ya san abin da ya sa mai furfura yake faɗuwa a gaban yara.

Cikin mako uku ya iya tafiya. Tsayawa ce ta gagare shi: duk sanda ya taka birki sai ya manta da kuloci, mashin ya mutu. Kikin tayar da mashin ɗinsa kuma ya ci, ko an taka sai ya sulɓe. Bakanike ya ce a canja, maigida ya ce bayan kaka, ai ga sitata nan, yatsa ɗaya ya isa. Wata rana mashin ɗin taubashin ya ƙi tashi, na ga yadda aka tura shi. Na ji bakanike yana cewa, "Giya ta biyu, a riƙe kuloci, sai ya ɗauki gudu a saki." Ban san me ya sa maganar ta zauna mini ba.

A shekarun nan akwai yadda ake ajiye mashin a gona. Ba a kai shi inuwa. A bakin hanya ake barinsa, kansa yana kallon gida, makulli a jiki, don in abu ya taso kada mutum ya tsaya lalube a aljihu.

Da kaka ta yi, wakenmu na gonar nesa ya bushe yana fashewa, 'yan ƙwadago kuma suka ce ba su zuwa can. Sai na ce zan bi shi roro. Muka isa da hantsi. Ya ajiye mashin a saman gangare yadda ake yi, sannan ya ƙara da dabararsa: ya bar makullin a murɗe. Daga baya ya gaya mini ya lura hannunsa na rawa in ya firgita, shi ya sa ya rage wa kansa aiki. Fitilar gaba a kunne take, amma wa zai ga fitila cikin wannan rana?

Gonar ta yi shiru fiye da yadda na san ta. Dawa ta fi mutum tsawo, ba a ganin taku goma. Maƙwabtanmu na gabas ba su zo ba, na kudu ma haka. Ko kukan shanu babu. Muka yi azahar ɗaya bayan ɗaya, ɗaya na salla ɗaya na sauraro.

Mun cika buhu na uku ke nan sai muka ji su, daga wajen daji. Ba mashin ɗaya ba ne, ba biyu ba. Ƙarar ta matso, ta matso, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Shirun ya fi ƙarar tayar mini da hankali, don wanda ya kashe mashin ya iso inda za shi.

Muka bar buhunan. Maigida ya hau ya danna sitata. Ƙyat. Ya sake dannawa. Ƙyat, sannan ba komai.

"Batir ya sauka," ya ce a hankali. Ya dubi makullin, ya dube ni. "Ki shiga dawa ki bi burtali. Ni zan san yadda zan yi."

"Malam, ka sa giya ta biyu. Ni zan tura."

"Ke? Da wane ƙarfi?"

"Da wanda na yi shekara talatin ina daka maka tuwo."

Na ɗaure zane na tura. Ya yi gaggawar sakin kuloci, taya ta ja ƙasa muka tsaya cik. Rabin gangaren ya tafi, kuma a ƙasansa fako ne shimfiɗe, inda ba zan iya ba shi gudu ba. A bayanmu na ji karan dawa yana karyewa, ba irin karyewar iska ba.

"Kada ka saki sai na ce."

Na sa kafaɗa, na yi bisimilla, na ruga da shi har ƙafafuna suka kasa bin sa. "Saki!" Mashin ya yi tari, ya girgiza, ya kama. Ni kuma na kife da gwiwoyi, ina kallon bayan maigida yana nisa.

"Ba zan iya tsayawa ba!" ya ɗaga murya. "In na tsaya zai mutu!"

Hanyar gida a buɗe take a gabansa. Sai na ga ya karya kai cikin fakon, ya yi wani zagaye mai faɗi, mashin yana tangaɗi, ya nufo ni a hankali. Karon farko na kama rigarsa ta suɓuce. Ya sake zagayowa, yana ta salati. Karo na biyu na faɗa kan kujerar da ciki, na ja jiki na zauna. Ƙafata ta manne da salansar mashin mai zafi, amma ban ji ƙunar ba sai da muka ga rufin gari. Muna barin fakon na ji mashinan nan sun sake tashi a baya. Ban waiga ba.

Har yau ba mu san ko su wane ne ba. Wasu sun ce 'yan sa-kai ne ke sintiri, wasu suka girgiza kai kawai. Da yamma ina shafa wa ƙunar magani, maigida ya ce gobe zai koma ya kwaso waken. Gobe ta yi, ya sake cewa gobe. Dawar nan a tsaye ta bushe, a tsaye tsuntsaye suka cinye ta.