Shekara Huɗu a Gaɓar Kogi, Kwana Uku a Silima

Runjun Medhi ta tashi a garin Pathsala na jihar Assam, a Indiya, cikin gidan da ba ya rabo da warin fenti. Mahaifinta shi ke zana wa 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari manyan labulen dandamali, ita kuma aikinta wanke buroshi. A bayan labulen nan ta fara ganin yadda ake sa mutum dubu su yi shiru lokaci guda, kuma tun daga nan abin ya shiga ranta.

Da ta gama jami'a a Guwahati sai ta wuce Mumbai. Shekara bakwai ta yi a wani ɗan ɗaki marar taga, tana yanka tana haɗa hotunan tallar sabulu da man gashi. Labarai uku ta rubuta ta kai wa masu shirya fim, kuma amsar kusan iri ɗaya ce. Su ce labarin ya yi daɗi, amma a mayar da shi harshen Hindi, a nemo jarumi, a sa waƙa huɗu. Wani ma ya tambaye ta ko Assam ɗin nan a cikin Indiya take. Ranar ta koma masauki ta haɗa kayanta. Tana da shekara talatin da uku ta dawo gida da tsohuwar kyamara ta hannu, da makirfo ɗaya, da kwamfuta mai zafi kamar kaskon suya.

"Ina sauran mutanen?" in ji mahaifinta, da ya ga kayan a tsakar gida.

"Ni ce mutanen, Deuta," ta ce, wato Baba da harshensu.

"Ke ce mai ɗauka, ke ce mai umarni, ke ce mai riƙe fitila? To wa zai dafa muku shayi?"

"Shi ma ni ce."

Ya yi dariya har da tari, amma washegari shi ya ɗinka wa kyamarar rigar leda saboda ruwan sama.

Labarin da take son yi ta same shi a Bogoriguri, wani ƙauye a gaɓar Brahmaputra inda kogi ke cin ƙasa duk damina. Akwai wata tsohuwa a can mai sayar da busasshen kifi, sunanta Bhogeswari. Sau biyar tana tayar da gidanta tana ja da baya, kogi na biye da ita. A gida na shida Runjun ta tarar da ita, zaune tana taunar ɗan goronsu na tamul, bakinta ja wur.

"Aita, fim nake son yi da ke," Runjun ta ce, tana kiranta kaka yadda kowa ke kiranta.

"Da ni? Da waɗannan haƙoran? Majoni, 'yar nan, 'yan matan garinku sun ƙare ne?"

"Ba rawa za ki yi ba. Abin da kike yi kullum shi za ki yi."

"To in abin da nake yi kullum ne, wane mahaukaci ne zai zauna ya kalla?"

Ta dai yarda, bisa sharaɗin ba za a hana ta zuwa kasuwa ranar Laraba ba.

Shekara huɗu aikin ya ci. Lokacin sanyi Runjun na Guwahati tana ɗaukar bukukuwan aure don ta samu na ci da na mota, ruwa na sauka kuma ta tattaro ta dawo ƙauye. Ta koyi tsayawa cikin taɓo har gwiwa da kyamara a kafaɗa. Matsattsaku sun sha jininta sun ƙoshi. Sau da yawa sai ta shirya komai, haske ya yi daidai, sai Bhogeswari ta juyo ta dubi kyamara ta ce, "Kin ci abinci kuwa?" Sai a sake. Amma idan tsohuwar ta manta da ita, tana shanya kifi tana yi wa kogi faɗa kamar maƙwabcin da ya ci mata iyaka, Runjun kan bar kyamara ta yi ta ɗauka, ba ta ko motsi.

Abu ɗaya take jira: ranar da gaɓar za ta tsage, gida na shida ya tafi. A kan wannan ta gina ƙarshen fim ɗin kaf. Kowa ya san ranar na zuwa, don tsagin ya riga ya kai gindin ayabar bayan gida. Damina ta uku ta zauna sati biyar cur tana gadi, gaɓa ta ƙi motsi. Sai aka kira ta wani biki na kwana biyu a Guwahati, na 'yar wani mai gonar shayi. Ta duba sama, ta duba tsagin, ta ce kwana biyu ba komai.

Tana cikin ɗaukar amarya ana shafa mata kurkum aka bugo mata waya. Kafin ta iso washegari da hantsi, inda gidan yake ya zama ruwa mai launin shayi da madara. Mutanen ƙauye sun samu sun cire kwanon rufi da ginshiƙai, sun jibge a kan hanya. Bhogeswari na zaune a kan tarin, da tukunyarta a cinya.

Runjun ta sauke jaka, kuma abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, "Wayyo, ban ɗauka ba!"

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ayya, yi haƙuri, majoni. Da mun sani da mun roƙe shi ya jira ki. Ko in koma in sake ginawa, ya sake ci, ki samu abin ɗauka?"

Kunya ta rufe Runjun har ta rasa inda za ta sa idonta. Ranar ba ta buɗe kyamara ba. Ta ɗaura gyale a ƙugu ta shiga ɗaukar gora da kwano tare da matan ƙauye. Amma ko a lokacin, tana tafe da kaya a ka, wani sashe na zuciyarta na ƙuna saboda hoton da ya wuce ta, kuma tana jin haushin kanta da wannan ƙunar. Kwana tara aka yi ana kafa gida na bakwai a gefen hanya. A rana ta goma tsohuwar da kanta ta ce, "Ɗauko abin naki mana, kin zauna kamar marar lafiya." Abin da ta ɗauka ranar shi ya zama ƙarshen fim ɗin: Bhogeswari na dasa 'yar ayaba a bayan sabon gida, ba ta ko waiwayi kogin ba.

Wata takwas ta yi tana haɗa fim ɗin a ɗakin fentin mahaifinta. Ta aika shi bukukuwan fina-finai goma sha ɗaya, tara suka yi shiru, ɗaya ya ƙi. Ɗaya a Turai ya karɓa, har aka ba shi lambar yabo. Jaridun Guwahati suka buga hotonta, aka yafa mata gamosa, farin mayafin girmamawa mai jan baki, a taro har uku. A kowane taro sai wani ɗan jarida ya matso yana kiranta babbar yaya da harshensu, ya ce, "Baideo, to wane ne ya riƙe miki kyamarar?" Tun tana amsawa da murmushi har ta koma nuna masa kafaɗarta kawai.

Ita dai burinta mutanen Assam su gani a silima. Ta yi sati shida tana sintiri kafin manajan wani gidan silima, Tamuli, ya ba ta kujera.

"Baideo, kin ɗaga mana kai, wallahi. Zan ba ki ƙarfe goma na safe."

"Goma na safe, Dada? Ranar aiki? Wa zai zo?" in ji ta, shi ma tana kiransa yaya.

"Masu son irin wannan fim ai ba sa rasa lokaci."

"Ka ba ni yamma ko sau ɗaya, ranar Lahadi."

"Yamma ta manyan baƙi ce, fina-finan Mumbai. In na taɓa ta, gobe ba za su ba ni fim ba. Ke ma kin zauna can, kin sani."

Ita ta manna fastocinta da hannunta. Ranar Juma'a mutum goma sha tara suka shiga, Asabar talatin da biyu, Lahadi aka kusa cika rabin zaure, har wasu suka tsaya a ƙofa suna share hawaye suna riƙe hannunta. Ta koma gida da ƙarfin gwiwa. Litinin da safe ta iso da mahaifinta, wanda ya taso tun daga Pathsala cikin farar rigarsa ta zuwa taro, suka tarar an lulluɓe fastarta da ta wani jarumi mai bindiga biyu.

"An ƙara wa baƙon lokaci, Baideo," in ji Tamuli, yana kallon wayarsa. "Ba daga ni ba ne."

Mahaifinta ne ya ja hannunta suka fita, suka zauna a rumfar mai shayi har shayinsu ya huce.

Bayan wata guda ta ari majigi da janareto, ta hau kwale-kwale zuwa Bogoriguri. Aka toshe tagogin makarantar ƙauyen da barguna, da rana tsaka, zafi kamar a gasa mutum. Sau biyu janareto na mutuwa. Mutane suka yi ta ihu suna nuna awakinsu da gonakin da yanzu babu su. Bhogeswari na gaba, idonta ya yi rauni, sai ta matsa dab da farin ƙyallen. Da aka gama Runjun ta durƙusa kusa da ita.

"Yaya kika gani, Aita?"

"Ya yi tsawo. Kuma kin nuna ni ina kirɓa barkono da tsohon zane, alhali ina da sabo." Ta sake duban farin ƙyallen. "Amma na ga bishiyar mangwaron mijina. Na manta ashe haka take da girma."

Yau Runjun na da shekara arba'in da huɗu. Tana koyar da ɗaukar hoto kwana biyu a sati a wata kwaleji, lokacin sanyi kuma har yanzu tana bin bukukuwan aure. Fim ɗinta na biyu, a kan mata masu tsinkar ganyen shayi, ya shiga shekara ta uku, an ɗauki rabi. Kwanan baya wata ƙungiya ta gayyace ta ta yi jawabi a kan nasarar mata a harkar fim. Ta tambaye su ko za su nuna fim ɗin nata bayan jawabin. Suka ce zauren awa ɗaya kawai aka ba su. Ta ce to su nemi wata, ta kashe wayar, ta ci gaba da goge gilashin kyamara, don motar gonar shayi ƙarfe shida take tashi.